TARIHIN WILLIAM HERSCHEL (1738–1822), MAKAƊI KUMA MASANIN TAURARI

1.0 Gabatarwa

Tun zamanin da, mutane a sassa daban-daban na duniya sun lura cewa taurarin sama iri biyu ne. Akwai masu ɗimbin yawa waɗanda ba sa sauya matsayi a tsakanin junansu, akwai kuma guda biyar da suke tafiya sannu a hankali a tsakankanin sauran. Waɗannan biyar su ne malaman falaki suke kira Uɗaridu da Zuhura da Mirrihu da Mushtari da Zuhalu. A ilimin kimiyya na yau duniyoyi ake kiran su, domin ba su da hasken kansu, kuma suna kewaya rana ne kamar yadda wannan duniya tamu take yi. Shekaru dubbai suka shuɗe ba a ƙara ko ɗaya a kan wannan lissafi ba, sai a shekarar 1781 da wani malamin kiɗa ya gano wata sabuwa daga bayan gidansa a garin Bath na ƙasar Ingila, da na'urar hangen nesa wadda ya ƙera da hannunsa.

Wannan darasi zai kawo tarihin rayuwar wannan mutum, wato William Herschel. Za a fi mayar da hankali a kan yadda ya shiga ilimin taurari don sha'awa kawai, da kuma ɗabi'arsa ta barin mutane su leƙa cikin na'urarsa su ga abin da yake gani. Wannan ɗabi'a ce ta buɗe masa ƙofar ɗaukaka, ita ce kuma ta zame masa ɗawainiya mai nauyi a ƙarshen rayuwarsa.

2.0 Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Friedrich Wilhelm Herschel ranar 15 ga watan Nuwamba, 1738, a birnin Hanover da ke cikin ƙasar Jamus ta yau. Mahaifinsa, Isaak, mabushi ne a ƙungiyar badujala ta sojojin Hanover. Gidan ba na masu hali ba ne. An haifi 'ya'ya goma, shida daga cikinsu ne suka rayu har suka girma. Mahaifin ya koya wa 'ya'yansa maza kiɗa tun suna ƙanana, saboda haka da Wilhelm ya kai shekara 14 sai ya bi sahunsa cikin badujalar, yana busa wata irin algaita ta Turawa, yana kuma kaɗa goge.

A wancan zamani sarki ɗaya ne yake mulkin Hanover da Birtaniya. A shekarar 1757 sojojin Faransa suka ci rundunar Hanover da yaƙi a Hastenbeck. Ganin halin da ƙasa ta shiga, sai mahaifin ya tura Wilhelm da yayansa Jakob zuwa Ingila a ƙarshen wannan shekara. Ya isa Landan yana da kimanin shekara 19, ba shi da dukiya, ba shi da wata sana'a sai kiɗa. A nan ne ya sauya sunansa zuwa William, daidai da lafazin mutanen ƙasar.

3.0 Sana'arsa ta Kiɗa

Da farko ya riƙa kwafar takardun kiɗa don ya sami abin sawa a baka. Daga bisani ya nufi arewacin Ingila, inda ya yi shekaru yana koyarwa da shirya kiɗa a garuruwa irin su Sunderland da Newcastle da Leeds da Halifax. A cikin waɗannan shekaru ya tsara manyan kaɗe-kaɗe na taron makaɗa guda 24, ban da ƙanana.

A shekarar 1766 aka ɗauke shi aikin kaɗa ogan, wato babban abin kiɗan nan mai bututai, a wata sabuwar majami'a mai suna Octagon a garin Bath. Bath gari ne da attajirai da masu sarauta suke zuwa hutawa, don haka Herschel ya sami ɗalibai da yawa, ya kuma sami rufin asiri. A shekarar 1772 ya je Hanover ya taho da ƙanwarsa Caroline, wadda aka haifa a 1750. Wani zazzaɓi mai tsanani da ta yi tana yarinya ya hana ta tsawo, kuma mahaifiyarsu ta riga ta ƙudura cewa aikin gida kaɗai za ta yi har ƙarshen rayuwarta. A Bath ya koya mata Ingilishi da waƙa da lissafi. Wannan mata ita ce ta zama babbar mataimakiyarsa na tsawon shekara hamsin.

4.0 Shigarsa Ilimin Taurari

Herschel bai taɓa zama a jami'a ba. Kiɗa ne ya kai shi ga lissafi, lissafi kuma ya kai shi ga taurari. Ya karanta wani littafi na Robert Smith a kan dangantakar sauti da lissafi, sannan ya nemi wani littafin na wannan marubuci a kan haske da madubai, ya haɗa da littafin James Ferguson a kan ilimin taurari. Zuwa shekarar 1773 karatu ya daina isar sa, yana son ya ga abubuwan da ake bayani da idonsa. Na'urorin da ake sayarwa ƙanana ne, ga tsada. Sai ya yanke shawarar ƙera tasa.

Irin na'urar da ya zaɓa ita ce wadda Isaac Newton ya ƙirƙiro a 1668. Dogon bututu ne, a gindinsa akwai madubi mai zurfi kamar kasko. Hasken tauraro yakan shiga ta bakin bututun ya faɗa kan madubin, madubin ya tattara shi ya mayar zuwa ga wani ƙaramin madubi kusa da baki, shi kuma ya karkatar da shi zuwa ga ɗan gilashin da mai kallo yake ɗora ido a gefe. Gwargwadon faɗin babban madubin, gwargwadon hasken da yake tarawa, gwargwadon kuma abin da za a iya gani. A wancan lokaci da ƙarfe ake yin irin wannan madubi. Ana narka jan ƙarfe da kuza a haɗa, a zuba a mazubi, sannan a yi ta gugar sa da hannu har ya yi santsi da ƙyalli, ya kuma sami daidai zurfin da ake bukata.

Gidansu ya koma maƙera. Kafinta yana aiki a ɗakin baƙi, ƙanensa Alexander ya kafa injin sassaƙa a ɗakin kwana. Da busasshen kashin doki ake yin mazubin manyan madubai, kuma Caroline tana cikin masu daka shi da tankaɗe shi. Akwai ranar da Herschel ya yi sa'a 16 yana gugar madubi ɗaya ba tare da ya ɗauke hannu ba, domin tsayawa takan ɓata aikin, sai ƙanwarsa ce take sa masa abinci a baki. Madubai da dama sun lalace kafin ya ƙware. Duk wannan yana yin sa ne bayan ya gama koyar da kiɗa na yini. Ranar 1 ga watan Maris, 1774, ya buɗe littafin da yake rubuta abin da ya hango, kuma cikin abubuwan farko da ya rubuta akwai Zuhalu da zoben da ya kewaye ta. Zuwa 1778 ya kammala wata na'ura mai tsawon ƙafa 7, da madubi mai faɗin inci 6 da 'yan kai, wadda ingancinta ya wuce na irinta da ake da su a lokacin.

5.0 Haɗuwarsa da Dokta Watson a Bakin Titi

A ƙarshen watan Disamba na 1779 Herschel yana nazarin duwatsun da ke kan wata, yana ƙoƙarin auna tsayinsu ta hanyar inuwarsu. Wata rana da dare watan ya kasance ta gaban gida, don haka sai ya fito da na'urarsa mai ƙafa 7 ya kafa ta a kan titi. Yana cikin kallo sai wani mai wucewa ya tsaya. Da Herschel ya ɗaga ido, sai mutumin ya nemi izini cikin ladabi a bar shi ya leƙa. Herschel bai san shi ba, ga shi kuma yana tsakiyar aiki, amma ya matsa ya ba shi wuri. Mutumin ya kalli watan, ya nuna matuƙar jin daɗinsa, ya tafi.

Washegari da safe sai ga shi ya zo gida yin godiya. Ashe Dokta William Watson ne, likita kuma ɗan ƙungiyar Royal Society, wato babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Landan. Ya gayyaci Herschel ya shiga wata ƙungiyar masu sha'awar ilimi da aka kafa a Bath ba da jimawa ba. Kafin wannan rana, mutanen gari sun san Herschel da kiɗa ne, masana kuwa ba su san da zamansa ba. A cikin ƙungiyar ya gabatar da maƙalu kimanin 30 a 'yan shekarun da ta yi tana aiki, kuma Watson ne ya aika da wasu daga cikinsu zuwa Royal Society a 1780. Abotarsu ta ɗore har mutuwa ta raba. Saboda haka, lokacin da babban abin da zai gano ya zo, ya riga ya sami hanyar isar da shi ga waɗanda za su iya tantance shi.

6.0 Gano Duniyar Yuranus

Herschel ya ɗora wa kansa aikin bin taurarin sama ɗaya bayan ɗaya yana duba su. A daren Talata, 13 ga watan Maris, 1781, yana cikin wannan aiki a lambun gidansa mai lamba 19 a titin New King, sai ya ga wani abu da bai yi kama da sauran taurari ba. Tauraro na ainihi, saboda tsananin nisansa, ɗigon haske ne kawai ko da an ƙara ƙarfin na'ura. Wannan kuwa yana da ɗan faɗi. Ya sauya gilashin ido daga mai girmama abu sau 227 zuwa mai sau 460, sannan mai sau 932, ya ga abin yana ƙara girma daidai da ƙarin ƙarfin. Bayan 'yan kwanaki ya sake dubawa ya tarar ya gusa daga inda yake.

Shi a zatonsa tauraro mai wutsiya ne, kuma haka ya kai rahoto ga Royal Society a watan Afrilu. Nevil Maskelyne, babban masanin taurari na masarautar Ingila, ya yi zargin cewa abin ya fi kama da duniya, tun da ba shi da wutsiya. Daga baya masana lissafi, cikinsu har da Anders Lexell, suka nuna cewa hanyar da yake bi kusan da'ira ce, can bayan Zuhalu. Nisan wannan duniya daga rana ya ninka namu kusan sau 19, wato ninki biyu na nisan Zuhalu, kuma takan ɗauki shekara 84 kafin ta kewaya rana sau ɗaya. Wasu masana sun taɓa ganin ta tun 1690, amma suka rubuta ta a matsayin tauraro. Ingancin madubin Herschel da sabon da idonsa ya yi da kallo su ne suka sa ya lura da bambancin.

A ƙarshen 1781 Royal Society ta ba shi lambar girma ta Copley, ta kuma zaɓe shi ɗan ƙungiya. Batun suna ya jawo saɓani. Herschel ya raɗa wa duniyar suna da ke nufin tauraron Joji, don girmama Sarki Joji na III. Masanan wasu ƙasashe ba su yarda a sa wa duniya sunan sarkin Ingila ba. Bajamushe Johann Bode ya kawo sunan Yuranus daga tatsuniyoyin Girkawa, domin ya dace da tsarin sunayen da Turawa suke kiran sauran duniyoyin. Sai a wajen 1850 wannan suna ya gama karɓuwa a Ingila.

7.0 A Fadar Sarki

A shekarar 1782 aka kira Herschel Landan. Ya kai na'urarsa ɗakin nazarin taurari na Greenwich, aka gwada ta kusa da na hukuma, masanan wurin suka amince cewa tasa ta fi. A farkon watan Yuli ya kafa ta a fadar Windsor, inda sarki da sarauniya da 'ya'yansu suka kalli Mushtari da Zuhalu. Washegari 'ya'yan sarki mata suka nemi su ma a nuna musu, amma hadari ya rufe sama. Da yake ya hango hakan tun da rana, ya riga ya yanka siffar Zuhalu da zobenta a kwali. Ya gaya musu cewa ta kwaikwayo ce, ya kafa ta a bangon ƙarshen lambu, ya haska ta da fitila, suka kalle ta ta cikin na'urar suka yi murna.

Da taimakon Watson da Joseph Banks, shugaban Royal Society, sarki ya yanka masa albashin fam 200 a shekara. Sharaɗin shi ne ya zauna kusa da Windsor, ya riƙa nuna wa iyalan sarki sama duk lokacin da suka bukata. Kuɗin bai kai abin da yake samu daga kiɗa ba, amma ya karɓa, ya bar sana'ar da ya yi shekara kusan talatin a cikinta. Ya koma Datchet a 1782, sannan Slough a 1786. Don cike giɓin kuɗi ya riƙa ƙera na'urori yana sayarwa, har sarkin Sifen ya sayi mai tsawon ƙafa 25. A 1787 sarki ya yanka wa Caroline fam 50 a shekara a matsayin mataimakiyarsa, ita kuma da kanta ta gano taurari masu wutsiya guda 8 tsakanin 1786 da 1797.

8.0 Babbar Na'ura da Ɗawainiyar Baƙi

Tsakanin 1785 da 1789 Herschel ya gina na'ura mai tsawon ƙafa 40, da madubi mai faɗin inci 48. Sarki ya ba da fam 4,000 don wannan aiki. Ta yi kimanin shekara hamsin babu wadda ta kai ta girma a duniya. Tun kafin a ɗaga bututunta mutane suke zuwa su ratsa ta cikinsa da ƙafa, har da sarki da babban limamin majami'ar Ingila a 1787. Matafiya a kan hanyar Landan zuwa Bath sukan hango katakon da aka kafa ta a kai. 'Ya'yan sarakuna da jakadu da masana da sauran jama'a suka riƙa tururuwa zuwa Slough, ciki har da shahararren mai tsara kiɗa Joseph Haydn a 1792.

Sai dai na'urar tana da wuyar sarrafawa, tana bukatar ma'aikata su juya ta, madubinta kuma yakan dushe da sauri. Mafi yawan aikinsa na gaskiya da wata mai ƙafa 20 ya yi shi. Bugu da ƙari, a ƙasa irin Ingila mai yawan hadari, dararen da sama take garau kaɗan ne, kuma a irin waɗannan darare ne baƙi suke zuwa. A watan Oktoba na 1807, da wani babban tauraro mai wutsiya ya bayyana, Herschel bai sami maraice ɗaya na kansa ba har ƙarshen wata. Ranar 14 ga watan, bayan ya yini yana gugar babban madubin tare da ma'aikata, mutum hamsin zuwa sittin suka kewaye shi a filin gidansa daga faɗuwar rana har bayan tsakar dare, bai ci abinci ba, bai kuma sa tufafin sanyi ba. Yana da shekara 68 a lokacin. A shekarar da ta biyo baya ya yi rashin lafiya mai tsanani, kuma Caroline ta ci gaba da ganin cewa daga wannan dare ne ƙarfinsa ya karye.

9.0 Sauran Gudummawarsa

Herschel da Caroline sun tsara jerin gajimaren taurari da gungun taurari guda 2,500. Shi yana kallo yana faɗa, ita tana rubutawa, da safe ta yi lissafin matsayin kowanne. Ya gano watanni biyu masu kewaya Yuranus a 1787, da wasu biyu masu kewaya Zuhalu a 1789. A 1783 ya nuna cewa rana ita ma tafiya take yi a cikin sarari. A 1800 ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, ya auna zafin kowane launi, sai ya tarar ma'aunin zafi yana hawa a gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai. Ta haka ya gano hasken da ake kira infirared. Ya kuma yi kurakurai, domin ya yi imani cewa akwai halittu masu rai a kan wata, har ma a cikin rana.

10.0 Iyalinsa da Rasuwarsa

Ya auri Mary Pitt a 1788, suka haifi ɗa ɗaya, John, a 1792, wanda shi ma ya zama babban masanin taurari. Herschel ne shugaban farko na ƙungiyar masana taurari ta Landan da aka kafa a 1820. Ya rasu a Slough ranar 25 ga watan Agusta, 1822, yana da shekara 83. Caroline ta koma Hanover, inda ta rasu a 1848 tana da shekara 97. A 1981 aka mayar da gidansu na titin New King gidan tarihi. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta sa sunan Herschel a kan wata na'urar hangen nesa mai aiki da hasken infirared, wadda ta yi aiki daga 2009 zuwa 2013.

11.0 Kammalawa

An ga yadda makaɗi wanda bai je jami'a ba ya koya wa kansa ilimin taurari, ya ƙera kayan aikinsa, ya faɗaɗa iyakar abin da aka sani game da iyalin rana. An kuma ga cewa bai ɓoye abin da yake gani ba, ko ga mai wucewa a titi ko ga sarki, duk da abin da hakan ya ci masa na lokaci da lafiya. Wasu masu sha'awar taurari sun bi irin wannan hanya a bayansa. Misali, a ƙarshen shekarun 1960 John Dobson da abokansa suka fara kafa na'urori masu araha a bakin titunan San Francisco ta Amurka, suna kiran masu wucewa su kalli wata da duniyoyi kyauta.

Ga malami mai neman sanin makamar koyarwa, abin lura shi ne Hausawa sun ce gani ya kori ji. Makarantar da ba ta da na'urar hangen nesa ma tana iya fitar da ɗalibai bayan magariba su ga Zuhura ko Mushtari da idonsu, su rubuta matsayinta a tsakanin taurari, su sake dubawa bayan mako biyu ko uku. Idan kuma hadari ya rufe sama, akwai kwali da fitila, muddin an gaya wa ɗalibai cewa abin da suke gani kwaikwayo ne.

Tambayoyin Bita

1. Bayyana bambancin da ke tsakanin tauraro da duniya kamar yadda ya zo a wannan darasi.
2. Yaya na'urar hangen nesa mai madubi take aiki?
3. Wane tasiri haɗuwar Herschel da Dokta Watson ta yi a rayuwarsa?
4. Kawo amfani biyu da illa biyu da karɓar baƙi ya jawo wa Herschel.
5. Tattauna rawar da Caroline Herschel ta taka a cikin wannan tarihi.